Wanda Ya Amsa wa Tela

Da la'asar sakaliya 'yan sintiri suka ci karo da Maƙeri a bayan wayar bariki, goye da gawar Tela, jini ya rine masa bayan riga. Kafin magariba babu wanda bai ji ba. Matan da ke layin famfo ma sun yi shari'a sun yanke hukunci kafin bokitansu su cika.

Su biyun kurata ne masu karɓar horo, gadajensu na kallon juna, kuma kowa da sana'ar da ya baro a gida ake kiransa. Abin da ya sa ba wanda ya yi wata-wata shi ne, ba a daɗe ba suka ba hammata iska a ɗakin cin abinci. Maƙeri ne ya ba Tela wando ya rage masa tsawo, shi kuwa Tela, da yake shaƙiyyi ne na ƙarshe, ya tsayar masa da shi a ƙwauri, aka yi ta dariya a filin fareti har da hafsoshi. A gaban kowa Maƙeri ya shaƙe shi ya ce sai ya ga bayansa. To ga shi yanzu an gan shi da gawa. Aka jefa shi gadurum, aka buga wa hedkwata waya, suka ce gobe da azahar za su turo mota a kai shi kotun soja. Kowa kuwa ya san abin da kotun soja take yi wa wanda ya kashe ɗan'uwansa soja.

Mutum ɗaya ne zancen bai kwanta masa ba, wani tsohon saje da ake kira Mai Sawu. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, bin sawu, yanzu kuma shi yake koya wa kurata yadda ake karanta ƙasa. Kullum kansa a sunkuye yake tafiya, har matarsa takan ce ya fi sanin ƙafarta da fuskarta. Washegari tun da sassafe ya kasa zama. Ya fita ya dubi gabas, ya dawo, ya sake fita. Hadari ne yake haɗuwa, kuma ruwan sama ba ya barin shaida.

*

"Zauna, Saje," in ji Kwamanda.

"Tsayuwar ta fi, yallaɓai. Hadari nake gudu."

Sun daɗe tare. Lokacin da Kwamanda yake ƙaramin hafsa a bakin daga, an taɓa yi musu kwanton ɓauna, suka ja da baya cikin ruɗani, ba su san sun bar wani soja da rauni ba. Mai Sawu ne ya koma ya nemo shi. Ya tarar yaron ya yi ta jan ciki yana bin sawunsu, har inda ƙarfinsa ya ƙare ya cika. Tun daga ranar Kwamanda bai sake zama daidai ba. Da aka ba shi wannan barikin, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka rubuta da fenti a bangon filin fareti cewa ba a barin kowa a baya. Ya kuma kafa doka: idan kurtu ɗaya ya gaza a tattaki, rukuninsu duka za su sake tattakin da kaya a baya. Rukunin da abin ya faru da su sau uku, a mayar da su farkon horo, kofur ɗinsu a cire masa igiya. Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Kuma yana alfahari da cewa an daɗe rabon da a ji wani ya gaza.

"Jiya da safe sun yi tattaki sun dawo," in ji Kwamanda. "A gabana aka ƙirga su a bakin ƙofa, kowa ya faɗi lambarsa. Da kunnena na ji. Ka ga daga baya ke nan suka fita su biyu, ɗaya ya dawo da ɗaya."

"An tambayi kowa, yallaɓai?"

"Kowa."

"Saura ƙasa. A ba ni zuwa azahar."

Kwamanda ya murje idanunsa da suka yi ja. "Je ka. Amma mota ba za ta jira ka ba."

*

A gadurum ya tarar da Maƙeri zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Ƙato ne, hannuwansa kamar faranti, amma ya tsuke wuri guda kamar wanda yake jin sanyi.

"Kai ka kashe shi?"

Maƙeri bai ɗago ba.

"Ɗana, wannan fa ba tsallen kwaɗo za a sa ka ba. Maganar ranka ake yi."

"Ni na jawo, Baba Saje."

"Ban tambaye ka wanda ya jawo ba."

Maƙeri ya ɗago kai. "An rufe masa fuska kuwa? Ƙuda ne suka dame shi jiya, ina ta kora."

Daga nan ya sake haɗa kai da gwiwa.

A ɗakin kwanan kurata kuwa, maganar ta yi yawa kuma iri ɗaya ce. Duk wanda ya tambaya sai ya ƙame ya ce, "Mun dawo tare, yallaɓai, ya amsa." Ba mai ƙari, ba mai ragi, sai ka ce hadda aka ba su. Ba wanda ya yarda ya haɗa ido da shi, shi ma bai damu ba, don ba ido yake kallo ba. Abin da ya gani shi ne gorunan ruwansu rataye a bakin gadaje, an wanke su tas, wasu har yanzu suna ɗiga. Shekarunsa nawa a soja, bai taɓa ganin kurtu ya wanke gora ba tare da an daka masa tsawa ba.

Kofur ɗinsu yana tsaye a bakin ƙofa. Surukin Mai Sawu ne, mijin 'yarsa ta fari, wadda yanzu haka take gidan mahaifinta da tsohon ciki. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa ɗaga masa murya ba.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ba ka yi barci ba."

"Ina na ga barci, Baba, an kashe mini yaro."

Mai Sawu ya gyaɗa kai ya wuce. A bayan kicin kuku ya tare shi yana share hannu da gaban riga, bakinsa cike da labari. Wai akwai wata yarinya mai sayar da lemo a bayan waya, su biyun duk suna sonta, kuma Tela ya saba sulalewa ta ramin nan. Ramin nan kuwa wata ɓaraka ce a ƙarƙashin waya da kowa a barikin ya san da ita amma ba wanda ya taɓa ganinta idan hafsa ya tambaya.

"Kai ka gan su tare?"

"Ni dai haka na ji, Saje."

"A wurin wa?"

Kuku ya sosa ƙeya. "A layin famfo."

*

Ya durƙusa a bakin ramin. Ƙasar wurin da laushi, duk abin da ya wuce sai ya bar shati. Ga sawun kare, ga na akuya, ga tsofaffin sawun takalma da iska ta cinye bakinsu. Sabo kuwa guda ɗaya ne tak, babban takalmi, ya fita a guje, yatsu sun nutse dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Na Maƙeri ne. Ya duba dama, ya duba hagu, ya bi gindin wayar har kwana ya dawo. Babu sawun Tela. In Tela bai fita ta nan ba, ba kuma ta ƙofa ya fita ba, to bai taɓa shigowa ba.

Aka yi tsawa daga nesa. Ya miƙe ya bi sawun da sauri, gwiwarsa tana ƙara.

Sawun Maƙeri biyu ne a hanyar, na tafiya da na dawowa. Na dawowar ya nutse sosai, taku gajere, na mai ɗauke da kaya, kuma duk inda ya tsaya hutawa a inuwa ya tsaya. Suka kai shi wani busasshen rafi. A nan ya ga wani dutse, da jini a bakinsa ya bushe ya yi baƙi. Dutse ne binne a ƙasa, ko mutum uku ba za su ɗaga shi ba, balle a ce da shi aka bugi wani. Babu alamar kokawa, faɗuwa Tela ya yi a kansa. Sai shatin gwiwoyi biyu manya, inda Maƙeri ya zube ya daɗe.

A tsallaken rafin ya sami abin da yake nema: sawun ƙafa da safa, ba takalmi. Taku ɗaya nan, ɗaya can, kamar na mashayi. Nan ya faɗi, nan ya yi rarrafe, nan ya tashi. Mai Sawu ya tsaya cak, don ya lura ba gararamba Tela yake yi ba. A kan sawun rukuninsu yake tafiya, yana bin su zuwa gida. Ya taɓa ganin irin wannan sau ɗaya a rayuwarsa, ya kuma roƙi Allah kada ya sake nuna masa.

Ya bi sawun da baya, ya kai shi gindin wata babbar bishiya, ɗan nesa da hanyar tattaki. A yamma da ita akwai shatin mutum a kwance, da tarin ganye inda kai yake. Da safe nan ne inuwa. Bayan azahar kuwa rana ce zalla take dukan wurin. Kewaye da shatin, a cikin yashi, ga wasu 'yan zobba a jere, gindin goruna, an dasa su kusa da hannunsa yadda zai iya kaiwa. Ba gora ɗaya ba, ba biyu ba. Rukunin duka sun bar masa ruwansu suka ƙarasa tafiya da ƙishi.

Gorunan babu su. Wani ya zo daga baya ya kwashe, sawunsa a kan na kowa. Mai Sawu ya daɗe yana kallon sawun nan. Dunduniyar hagu tana cin gefe, tun wata faɗuwa da aka yi a babur. Ba sai ya auna ba. Ya san shi tun yana zuwa zance ƙofar gidansa.

Ya ɗaga kai sama yana sauke numfashi, abin da ba ya yi ko sau ɗaya a wata. Sai ga takalman Tela a rataye a reshe, an ƙulla igiyoyinsu, an kifa bakinsu ƙasa, yadda shi da kansa yake koya musu don kada kunama ta shiga. Wanda ya zo kwasar goruna ƙasa yake kallo, bai gan su ba.

Yana sauko da su ɗigon farko ya faɗo. Kafin ya kai rafi ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ya waiwaya ya ga zobban suna narkewa ɗaya bayan ɗaya, sawun dunduniyar hagu ma ya bi su. Yanzu babu inda ya rage sai a kansa.

*

Hanyar filin fareti ta gaban gidansa ta bi. 'Yarsa tana zaune a baranda ta miƙe ƙafafu, tana tsince wake.

"Baba, ka jiƙe sharkaf. Ka ga mai gidan namu kuwa? Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba."

"Zan gan shi yanzu."

Matarsa ta leƙo ta taga. Ta dubi takalman da ke hannunsa, ta dubi fuskarsa, ta fito da sauri ta ja shi gefe.

"Malam, me ka gani?"

"Abin da ban so ba."

"Ruwa ya wanke?"

"Ya wanke."

Ta dubi 'yarsu. Ya san abin da take so ta ce, shi ma tun daga rafi yake faɗa wa kansa. Takalman kaɗai sun isa su nuna wani abu, yana iya tsayawa a nan, sauran ya ce ruwa ya riga shi. Amma rabin magana ba za ta fid da Maƙeri ba, tunda shi ya rufe baki kuma sauran sun haddace tasu.

"Wancan yaron ma wata ce ta haife shi," in ji matar a ƙarshe. "Je ka kafin in canja magana."

Ya sami Kofur a rumfar ma'ajiyar makamai yana fakewa. Da ya ga takalman sai ya kasa ɗauke ido daga kansu.

"Baba..."

"Ban zo tambayarka ba, na riga na karanta. Zan faɗi abin da na gani, duka. Alfarma ɗaya zan iya yi maka, ka riga ni faɗi."

"Baba, ita fa? Haihuwa yau ko gobe."

"Na gan ta yanzu. Wake take tsince maka."

Ya juya ya tafi, bai waiwaya ba, don in ya waiwaya bai san abin da zai yi ba.

*

Motar hedkwata ta iso da wani kyaftin. Aka tara kowa a ɗakin taro, ruwa na dukan kwano har sai mutum ya ɗaga murya. Kurata a layi, Kofur a gefensu, Maƙeri da ankwa, kuku ma ya lallaɓo ya maƙale a bakin taga. Mai Sawu ya ajiye takalman a kan tebur, ruwa na tsiyaya daga jikinsu.

"Yallaɓai, a reshen bishiya na same su, can kusa da hanyar tattaki, an kife su saboda kunama. Wanda zai kashe mutum ba ya tsoron kunama ta harbe shi." Ya faɗi zancen ramin waya, da dutsen, da tarin ganye, da inuwar da ta tashi ta bar shi. Ya faɗi zobban goruna. Da ya zo kan sawun safa sai ya dubi Kwamanda kai tsaye. "Da ya farfaɗo bai nufi ruwa ba, yallaɓai. Sawunsu ya bi, yana faɗuwa yana tashi."

Kwamanda ya dafa tebur. Fuskarsa ta koma irin ta ranar kwanton ɓaunar nan.

"Amma ya amsa," ya ce a hankali. "Na ji."

"Ni na amsa." Maƙeri ne. "Ina kusa da shi a layi. Na faɗi tawa, na sirance murya na faɗi tasa."

"Mu muka ce ya amsa, yallaɓai," in ji wani kurtu, hawaye na zubo masa. "Sau biyu an kama rukuninmu. Shi da kansa Tela ya ce mu ɓoye shi, wai kada a mayar da mu farko saboda shi. Har wasa ya yi, ya ce a ce ya tsaya ɗinki."

"Wa ya kwashe gorunan?" in ji kyaftin.

Ba wanda ya motsa. Mai Sawu ya saci kallon Kofur. Ya ba shi lokaci, ya ƙara masa, sannan ya buɗe baki.

"Ni ne, yallaɓai." Kofur ya tako gaba. "Ni na ba da izini a kwantar da shi. Na ce da an gama ƙirga zan ɗauki babur in ɗauko shi ta baya. Sai aka tsayar da mu ana yaba mana, daga nan aka ce duba bindigogi, daga nan lacca. Sau nawa ina zuwa bakin ofishinka, yallaɓai, in juya. Maƙeri ne ya kasa haƙuri ya fita. Da na ji an kama shi, na je na kwashe gorunan, na ce kowa ya ja bakinsa." Ya sunkuyar da kai. "Na bar Maƙeri ya ɗauki laifin."

Kyaftin ya rufe bironsa. "To, magana ta fito. A cire wa wancan ankwa a sa wa wannan."

"Dakata," in ji Kwamanda. "Shi zai amsa nasa, ba zan tare masa ba. Amma ka fara da ni." Ya juya wajen Kofur. "Sau nawa ka ce ka zo bakin ofishina?"

"Ban ƙirga ba, yallaɓai."

"Kuma ina ciki."

"Kana ciki."

Ruwa ya fara tsagaitawa, Kwamanda ya juya wajen kyaftin. "Na rantse ba za a sake barin kowa a baya ba a ƙarƙashina. Sai na sa faɗin gaskiya ya fi barin mutum tsada. Na daina jin an gaza, na ɗauka an daina gazawa, ashe faɗa mini aka daina. Rubuta haka, Kyaftin, kada ka gyara mini."

Kofur ne ya shiga motar. Da zai hau ya dubi Mai Sawu, sannan ya shige. A gida kuwa 'yarsa ta shige ɗaki ta turo ƙofa, waken yana nan a baranda inda ta bar shi. Ya zauna kusa da tiren, ransa a ɓace, bai kuma yi da-na-sani ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

*

Washegari da safe Kwamanda da kansa ya tsaya gaban rukunin. An ce shi ma takardar kiransa tana hanya. Ya soke dokar a gaban kowa, ya ce daga yau duk wanda ya ɗaga hannu ya ce ɗan'uwansa ya gaza, shi ne ya yi aikin soja. Sannan ya ce a ƙirga.

Suka fara, kowa na faɗin lambarsa da ƙarfi. Aka zo kan Maƙeri, ya faɗi tasa. Na gaba da gurbin ya ja numfashi zai ɗora don a wuce wurin da sauri, Kwamanda ya ɗaga masa hannu.

Ba wanda ya amsa. Aka ji ɗigar ruwa daga bakin kwano, aka ji tsuntsu a kan waya. Kafaɗun Maƙeri suna rawa, amma bakinsa a rufe.

"Kun ji?" in ji Kwamanda. "Da na ji wannan shekaranjiya, da yanzu yana asibiti yana yi mana shaƙiyanci."

Mai Sawu yana tsaye a bayan layi, kansa a sunkuye kamar kullum. Tsakanin takalmin Maƙeri da na maƙwabcinsa akwai ɗan fili daidai tsayuwar mutum ɗaya, ruwan jiya ya daidaita ƙasar wurin, babu sawun kowa. Kwamanda bai sauke hannunsa ba, su ma ba su matsa sun cike gurbin ba.